Kafin ka sayi sabon famfo, a auna wutar da ke zuwa masa

Daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan farko, kukan da ya fi yawa a bakin masu kawo mana mota a Yamai guda ɗaya ne: tana zafi. A Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40 kusan kullum. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson gadar Kennedy da azahar, kilim, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, ba gaba ba baya, ya san wahalar da inji ke sha. Ni sana'ata gyaran wayoyin mota ce, a wani gareji da ke gefen Wadata. A da ba ruwana da zafin inji, sai fa in fanka ta ƙi tashi a kira ni. Yanzu maganar ta dawo hannuna, domin motocin da ake shigo mana da su sun sake hali.

A cikin kowane inji akwai ruwan da ke zagayawa yana kwaso zafi, ya kai shi lagireto, wanda mu a nan muke ce wa radiyatar, iska ta huce shi, ya sake komawa. Famfo ne ke tura ruwan nan. A tsofaffin Starlet da ake tasi da su, da Hiace na faba-faba, da Hilux, bel ne ke juya famfon daga jikin inji. In ya lalace yakan yi yoyo ko ƙara, kowane makanike ya san shi, a cire a sa wani. Sababbin motoci da yawa kuwa ba bel a famfonsu. Ƙaramin injin lantarki ne a cikinsa, yana shan wutar batir, kwamfutar mota kuma ita ke faɗa masa lokacin da zai tashi da irin gudun da zai yi.

Kamfanin BMW na Jamus ya fara sa irinsa a injinsa N52 a shekarar 2004, famfo mai ƙarfin wat 200. Toyota ta sa shi a Prius da ta fito a 2009, injin da ba shi da bel ko ɗaya. Abin da ya kawo maganar ƙofar gidanmu shi ne Camry ta 2018 da RAV4 ta 2019 masu injin lita 2.5, su ma famfonsu na lantarki ne, ga shi kuma irin motocin da ƴan kasuwa da ma'aikatan Yamai ke so ke nan. Ni ban ga laifin wannan fasaha ba. Ta ma dace da ƙasarmu. A cikin cunkoso inji na tafiya a hankali, famfon bel ma dole ya bi shi a hankali, daidai lokacin da aka fi bukatar ruwa ya yi gudu. Na lantarki ba ruwansa da gudun inji, yana iya zuba iyakar ƙarfinsa mota na tsaye, a wasu motocin har bayan an kashe inji yakan ci gaba na ɗan lokaci. Sai dai duk wannan alheri ya rataya ne a kan ƴan wayoyi uku ko huɗu. In wuta ba ta iso masa yadda ya kamata ba, lafiyayyen famfo da matacce duk ɗaya ne.

Ga yadda asarar ke faruwa. Mota ta yi zafi, an kai ta gareji, an jona na'urar bincike da muke kira balis, ta nuna lamba. A Prius, misali, za ka ga P261B. Mai gyara ya duba wayarsa ya ga kalmar famfo, shi ke nan: “Alhaji, famfo ya mutu, a kawo sabo.” Alhali abin da lambar ke cewa shi ne kwamfuta ta umarci famfo ya juya, bai juya yadda ta ce ba. Ba ta faɗi dalili ba. Dalilin na iya zama famfon, yana iya zama fizibil, wato fis, ko rele mai kunna masa wuta, ko soket, ko wayar mas da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Kuɗin famfo na asali ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanville, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru, jira ya ƙaru. A irin wannan hali, a sa mutum ya sayi abin da bai lalace ba zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Wata hajiya mai shagon atamfofi ta taɓa kawo mini motarta, irin waɗanda ake sayowa daga Amurka bayan sun yi haɗari a gyara su a nan. An riga an canza mata famfo a wani gareji, amma ciwon na nan. Na ce, “Hajiya, da wane lokaci take zafin?” Ta ce, “Malam, da safe in zan kai yara makaranta lafiya lau. Amma in na taso daga kasuwa da rana, kafin in kai gida jar fitila ta kama, fanka na ta ruri kamar za ta fita.” Wannan amsa ta ba ni rabin aikin. Abin da ya mutu murus ba ya tashi da safe ya kwanta da rana.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya zare soket ɗin famfon, ya ɗora mita a kan manyan wayoyi biyu, ya ɗago kai: “Maigida, wuta na zuwa, bolt 12 da rabi.” A nan ne akasarin masu gyara ke tsayawa, kuma a nan ne mita ke yaudararsu. Mita ba ta shan wuta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wayar da duk silinta suka tsinke saura guda ɗaya, za ta nuna maka bolt 12 cif. Kamar tiyon ban ruwa ne da laka ta toshe, saura ƴar ƙaramar kafa: in ka toshe bakinsa da yatsa ruwa zai taru har ka ji tiyon ya yi tauri, kana sakin yatsa sai ɗigo. Mita taurin tiyon take aunawa, famfo kuwa ruwan da ke fita yake bukata.

Na ce ya ɗauko ƙwan babbar fitilar mota, mai wat 55, wanda muka yi wa wayoyi biyu don wannan aiki. Irin wannan ƙwai na jan wajen amfer 4 da rabi. Muka jona shi a ramukan manyan wayoyin soket ɗin. Ya kama, amma ja-ja, ba hasken kirki. To an tabbata hanya ba ta da lafiya, saura a san wane ɓangare ne. Muka bar ƙafa ɗaya a wayar da ke kawo wuta, ɗayar muka kai ta kan batir kai tsaye, wurin alamar ragi. Ƙwai ya haska fari fat. Ashe wutar na zuwa, hanyar komawarta ce ta toshe. Muka bi baƙar wayar mas har inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, bayan fitilar gaba, daidai gefen da aka yi wa gyaran haɗari. Mai fenti ya fesa wurin, aka mayar da zoben wayar a kan fentin, notin ma bai ɗauru sosai ba. Da na kwance shi, ƙarƙashin zoben ya yi kore, ga jar ƙasa ta cushe a tsakani, robar wayar kuma ta ƙandare saboda zafi. Muka kankare fentin har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, muka yanke bakin wayar muka sa sabon zobe, muka ɗaure, muka shafa giris a sama. Na tambaye ta tsohon famfon da aka cire, ta ce can aka bar shi. Ina kyautata zaton lafiyarsa lau. Duk abin da aka cire daga motarka, ka karɓi kayanka.

Lissafin abin ba shi da wuya. Famfo mai wat 200 in yana iyakar gudunsa yakan ja wajen amfer 15. A ce tsatsa ta kawo cikas na om 0.3 kacal a wani mahaɗi, abin da mita mai araha da kyar take bambance shi da sifiri. Ka ninka 15 da 0.3, bolt 4 da rabi sun salwanta a hanya. Maimakon bolt 14 da inji ke bayarwa, 9 da rabi ne za su isa famfo. Wutar da ta ɓace kuma zafi take zama a daidai wurin, sama da wat 60, fiye da na ƙwan fitilar nan, duk a kan ɗan guntun ƙarfe. Shi ya sa ake ganin soket ya narke ko ramukansa sun yi baƙi. Da safe kwamfuta gudu kaɗan take nema, famfo ya ja wuta kaɗan, asarar ba ta da yawa. Da rana ta ce ya zuba ƙarfi, wutar ta faɗi, na'urar da ke cikinsa ta kashe kanta.

Saboda haka awon gaskiya ana yin sa ne soket a jone, famfo na aiki. A sa ƙafar mita ɗaya a kan batir wurin alamar tarawa, ɗayar a bayan soket kan wayar da ke kawo wuta. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke zubewa a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin wayar mas da ɗaya kan batir ɗin, nan ma ana son a ga bolt 0.2 ko ƙasa da haka. Balis mai kyau na iya umartar famfo ya tashi ko inji a kashe. A BMW masu injin N52 ko balis ba a bukata: a buɗe makulli ba tare da tada inji ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankarta a mafi ƙanƙantar gudu, a take totur har ƙasa na daƙiƙa 10, famfo zai kama aiki na wajen minti 12. Don fitar da iska daga ruwa aka yi wannan tsari, amma yana ba mu damar awo a natse.

Kafin a kai ga duk wannan, batir ake fara dubawa. Lafiyayye yakan nuna bolt 12.6 mota a kashe, in an tada inji kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin Yamai na cin batir da wuri, kuma sau da yawa nakan buɗe bonet in tarar kan batir ya yi farin gari, ko ya yi sako-sako an cusa ƙusa an buga don ya kama. Motar da ke haka, komai na cikinta na cikin yunwar wuta, famfo ne dai ke fara nunawa don yana cikin masu ci da yawa. Rele ba ya ɗaukar lokaci: in akwai irinsa sak a akwatin, a musanya a gani.

Fizibil kuwa yana da magana. Ba a yanke masa hukunci da ido, a auna ƙafafunsa biyu, a kuma duba ramin da yake zaune, don ramin kan buɗe ya daina riƙo. In an tarar ya ƙone, tambayar ita ce me ya ƙona shi. Haka kawai ba ya ƙonewa. Ko waya ta goge a jikin ƙarfe saboda girgizar hanyoyinmu marasa kwalta, ko ɓera ya ci robarta, ko famfon ne ya cije yana jan wuta fiye da kima. A Nuwamba 2012 Toyota ta kira Prius na shekarun 2004 zuwa 2009 a mayar don a canza famfon lantarkin da ke sanyaya na'urorin wutarsu, saboda wayar da ke naɗe a cikinsa na iya lalacewa ta haɗe, ta ƙona fizibil, mota ta mutu ana cikin tafiya. Ka ga a nan fizibil ne ya mutu, amma famfo ne mai laifi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in buɗe akwati in ga an naɗa silin waya ko takardar kwalin taba a madadin fizibil, ko an sa mai amfer 40 inda kamfani ya ce 30. Wanda ya yi haka ya cire mai gadin ne, ranar da waya ta haɗe kuma motar ce za ta kama wuta, wataƙila da yara a ciki.

Ruwa ma babban abokin gaba ne ga soket. A Afrilu 2018 Audi ta kira motoci sama da miliyan ɗaya a duniya saboda ƙaramin famfon lantarki da datti kan toshe ko danshi ya shige shi, ya yi zafi har ya iya tada gobara. A Agusta 2024 BMW ta kira sama da 720,000 a Amurka saboda soket ɗin famfo da ruwa ke iya ɗiga a kai ya haɗe wuta. Irin waɗannan motoci na cikin waɗanda ke ƙarewa a hannunmu, kuma ba kowacce aka kai gyaran kafin a loda ta a jirgi ba. Mu kuma sai mu ƙara da namu. Masu wankin mota na sa bakin tiyo mai ƙarfi a kan inji don a ga yana sheƙi, ruwa ya kutsa bayan robar soket ya kwanta. Da damina, balle a shekarun ambaliya irin 2020 da 2024, motoci na ratsa ruwa har gwiwa a cikin unguwanni, famfon kuma yawanci a ƙasan inji yake. Ba ranar abin ke nunawa ba. Sai bazara ta zagayo, tsatsa ta gama cin ƙarfen, sannan a ce mota na zafi.

Saura siraran wayoyin. A Toyota ɗaya ce ke kawo umarni daga kwamfuta, ɗaya ta mayar mata da labarin gudun famfo. A BMW waya guda ke yin aikin biyu. Waɗannan ba a jona musu ƙwan fitila, ba a kuma ba su wutar batir don a gwada. Mun saba da yi wa fanka dairek a tsofaffin motoci, a ɗauko waya daga makulli a ba ta, ta yi ta juyawa. Wanda ya kawo wannan dabara kan famfon lantarki, in ya kuskure waya, kwamfutar motar zai ƙona, kuɗinta kuwa ya ninka na famfo. Ana duba su ne da mita daga soket zuwa kwamfuta, batir a cire, a ga ko sun tsinke ko sun taɓa jikin mota. Kuma a daina huda robar waya da allura, ta wannan ƴar kafar danshi ke shiga. Ga masu taɓa Prius da sauran motoci masu haɗa fetur da batir: famfon bolt 12 yake sha, amma kusa da shi akwai manyan wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da sama da bolt 200. Suna kisa. Wanda bai koyi aikinsu ba kada ya kai hannu.

In wuta ta iso cikakkiya, mas lafiya, umarni na zuwa, to yanzu an samu hujjar tuhumar famfo. Mita mai baki kamar filaya, wadda ake maƙala wa waya, ita ke ƙarasa bayani. In bai ja komai ba, na'urar cikinsa ta mutu. In yana ja fiye da kima, ya cije ko yana gogawa. In yana gudu amma wutar da yake ja kaɗan ce, iska yake kaɗawa ko fuka-fukinsa sun karye. Famfunan nan na mutuwa, ba na musun haka, kuma mu ke gaggauta ajalinsu da ruwan rijiya ko na famfon gida da muke ɗurawa a lagireto. Abin da ke juyawa a cikinsu a cikin ruwan yake zaune, ruwan ne man shafawarsa, shi ne kuma ke huce shi. Tsatsa da ƙasa na cinye shi, in kuma ya juya a bushe ba ya daɗewa. A sa ruwan sanyaya inji na galan irin wanda kamfani ya ce, a fitar da iska bayan kowane gyara, a kuma bar tamostat a wurinsa, don kwamfuta da shi take lissafi.

Mai mota ma yana da abin da zai lura da shi. Wasu sababbin motocin ba su da allurar zafi, fitila ce kawai, in ta kama an riga an yi nisa. In ka ga jar fitila, ko mota ta rage ƙarfi fanka na ruri, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko a tsakiyar hanyar Doso ne. Kan inji na alminiyam ne, mintoci kaɗan sun isa ya lanƙwashe gaskit ya ƙone. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafinsa, kada ka watsa wa inji ruwan sanyi, kada ka sa hannu kusa da fanka don tana iya tashi ko makulli na aljihunka. Yayin da kake gangarawa gefe, in da hali, kunna hita, ko da yake mu a nan ba mai tunawa da ita sai da sanyin Janairu. In inji na tafasa amma hita na busa iska mai sanyi, alama ce ruwa ba ya zagayawa ko ya ragu sosai. Ka riƙe wannan, da lokacin da abin ya faru, ka faɗa wa mai gyara.

Ina roƙon makarantun sana'a na garin nan, irin su Issa Béri da Kalmaharo, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, su shirya gajerun kwasa-kwasai na yamma da Hausa da Zabarmanci don mu da muke cikin gareji tuni. Yaranmu na da kai da hannu, abin da ba a nuna musu ba ne ba su sani ba, kuma awon da na bayyana a nan ana koyon sa a ƴan kwanaki da mita da ƙwan fitila. Masu mota kuma su yarda su biya kuɗin bincike. Muddin ba a biyan mai gyara sai ya canza wani abu, to zai canza wani abu.

In an ce maka famfon motarka ya mutu, ka tambayi mai gyaran: bolt nawa ke isa soket lokacin da famfon ke aiki, kuma nawa ke zubewa ta wayar mas? In ya ba ka lamba, ka sayi famfon da kwanciyar hankali. In bai auna ba, kada ka fitar da ko dala, ka ce ya auna tukuna, ko ka kai wa wanda zai auna.